Yamai Daga Cikin Kwalekwale

A wajenmu Gobir, gulbi baƙon damina ne. Yakan zo da ruwan Yuli da Agusta, ya cika fadama, wata shekarar ya haɗa da gonakin mutane, amma kafin a gama kai gero rumbu ya fara ja da baya. Idan hunturu ya kankama sai yashi da 'yan tafkuna jefi-jefi, masu albasa suna haƙa rijiya a daidai wurin da aka yi fito watanni kaɗan baya. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa, in ka ce masa akwai garin da kogi ke cika ana tsakiyar sanyi, ba ko ɗigon gajimare a sama, zai ɗauka zolayarsa kake yi. Yamai kuwa, babban birnin Nijar da ke bakin kogin Kwara, haka take, kuma a watan Janairu na je.

Hanyar ba ta da wani dogon labari. Daga Sakkwato zuwa Illela, muka tsallaka iyaka muka shiga Birnin Ƙonni, daga nan babbar bas ta ɗauke mu. Kilomita sama da 400 ne: Dogon Dutsi, Dosso, Birnin Gaure, a sauka a nuna kati a shingen jandarmomi, a koma a zauna. Da muka zo daidai Kure duk wanda ke kusa da taga ya miƙa wuya ko zai hango raƙuman dawa, ba mu yi sa'a ba. Da dare muka isa. Ɗan kawuna da ke sayar da kayan babur kusa da Babbar Kasuwa ya zo tasha ya ɗauke ni. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa tun ina yaro. Bayan ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fara gaya mini shi ne in shirya wa bakin Zabarmawa, domin da wannan tsagen Gobirci na fuskata ba ni da wurin ɓuya.

Washegari da muka karya na roƙe shi mu bar babur a gida mu taka zuwa Gadar Kennedy. Tsawonta ya haura mita 700, layin mota biyu ne kacal, da 'yar siririyar hanyar masu ƙafa a kowane gefe. Ɗalibai na tsallakawa zuwa Jami'ar Abdou Moumouni da ke ɗaya gaɓar, Harobanda, ma'aikata daga can suna shigowa cikin gari. Ga amalanken jaki da itace, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga raƙuma da aka labta wa tabarmi da ciyawa har ba ka ganin tozonsu, suna takunsu a natse, motoci na binsu a baya da hon, ko a jikinsu. In babbar mota ta wuce sai ka ji gadar na rawa a ƙarƙashin ƙafarka.

Na leƙa ƙasa. Ruwa ne shimfiɗe daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya shiga har gindin itatuwa, ya cinye gefen tsibiran da ake hangowa, yana tafiya ba gaggawa ba ƙara. Rabon garin da ruwan sama tun wajen Oktoba.

"Kana mamaki ko?" in ji Yaya. "Wannan ba namu ba ne. Ruwan Gini ne, yanzu ya iso."

Kogin da mu muke kira Kwara, mutanen nan kuma suke ce wa Isa, daga tsaunukan Gini yake tasowa, wajen kilomita 240 daga teku, amma sai ya ba tekun baya ya nufi Sahara. Ya bi ta Bamako da Segu, ya faɗa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a tsakiyar Mali, ƙasar Masina, inda ba gangare. A nan ruwan daminar Gini ke bazuwa cikin fadamu da tafkuna da ciyawa, ya yi watanni yana jan ciki, rana ta sha kaso mai yawa, laka ta kwanta. Abin da ya tsira shi ne ke lanƙwasowa ta kusa da Tumbutu, ya biyo Gao da Tillaberi, ya iso Yamai cikin Disamba da Janairu, ya riga ya tace ya yi duhu-duhu. Shi ake kira baƙin ruwa. Akwai kuma jan ruwa, na Agusta da Satumba, wanda rafukan da ke gangarowa daga wajen Burkina Faso, su Sirba da Dargol da Goruwal, ke kawowa da jar ƙasa a cikinsa. Baƙin ruwa a hankali yake hawa, kowa ya san lokacinsa. Jan ruwa shi ne mai ɓarna. A Satumban 2020 ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara aunawa, ya fasa datsin da ke kare unguwar Lamorde, dubban mutane suka koma kwana a azuzuwan makarantu. Yaya ya ce a shekarar ya ga kwalekwale na ɗaukar katifu a cikin lungu, ana tuƙi ta ƙofar gidajen mutane.

Kafin a buɗe gadar a ƙarshen 1970, da kuɗin Amurka, jirgin fito ne ke haɗa gaɓar biyu. Ita kaɗai garin ke da ita har shekara 40, sai a 2011 Sinawa suka gama ta biyu can ƙasa da ita, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché kuma aka buɗe ta a 2021 ta sama. Muna dab da sauka Yaya ya ja ni gefe ya ce a kan wannan gada ce aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairun 1990, uku suka rasu, kuma daga nan guguwar da ta kai ga Taron Ƙasa na 1991 ta ƙara ƙarfi. Har yau ɗalibai na tunawa da ranar kowace shekara. Ba mu daɗe a tsaye ba, masu wucewa na ture mu.

Muka gangara bakin ruwa. Tun kafin ka ga masu wanki za ka ji su: tim, tim, tim, ana maka jiƙaƙƙun kaya a kan dutse. Maza ne, galibi 'yan ci-rani, tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa a wannan sanyin, wando a naɗe. Na tsaya kusa da wani ina kallon hannunsa. Zai tsoma babbar riga, ya goga mata sabulun sanda, ya murɗe ta, ya ɗaga ta sama da kansa ya maka a kan wani baƙin dutse da ya yi sulɓi don shan duka, kowane bugu da ɗan nishinsa. Ya ɗauraye, ya matse, ya jefa wa yaronsa a tudu. Yaron ya shanya a ƙasa, kan ciyawa da tsakuwa, ya danne kusurwoyi da duwatsu saboda iska. Gaɓar gaba ɗaya ta rufe da shadda da atamfa da zanen gado da kayan 'yan makaranta. Na tambaye shi yadda ba ya haɗa kayan wani da na wani. Ya juyo mini da bakin wata riga, ga ɗan ƙulli da jan zare. Wani gida ƙulli ɗaya, wani biyu, sauran kuma ya nuna kansa da yatsa, ya ci gaba da bugu.

Can ƙasa wajen Gamkalle, hanci ne zai gaya maka ka iso majema. Ramuka ne jere, fatun awaki da na tumaki wasu jiƙe cikin ruwan toka, wasu cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, wani na kankare gashi da wuƙa a kan gungume. Aikin bai bambanta da wanda na sani a Sakkwato ba, kuma da Hausa suka amsa mini sallama. Duk inda aka samu 'yar gaɓa da ba gini, lambu ne: latas, kabeji, karas, tumatir, zogale, samari na ɗebo ruwa da bokitan ban-ruwa biyu-biyu, masu hali kuma sun ajiye inji. Zogalen da aka yi mana kwaɗo da shi da dare, abin da suke kira kopto, daga nan yake. Amma wanda zai yabi Yamai a kan kogi sai ya haɗa da Gunti Yena, ƙoramar da ta ratsa tsakiyar gari, wadda ke kawo baƙin ruwan kwata da leda ta juye su cikin Isa ba nisa da gadar. Na daɗe ina kallon inda ruwan biyu ke haɗuwa, da masu wanki a gefe, da yara na iyo can gaba. Garin da aka mayar hedikwata a 1926, aka baro Damagaram da ƙarancin ruwanta, ya kamata ya fi haka ganin girman abin da aka zo dominsa.

Daga bakin gadar in ka hau tudu kaɗan za ka tarar da Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1959, mai ɗauke da sunan Boubou Hama. Gine-ginen farare ne da shuɗi, da zayyana irin ta magina Hausawa. Akwai rumfunan masu sana'a, maƙeran azurfa Buzaye da dukawa da masaƙa, suna aiki a gabanka suna saida maka. Akwai kututturen itaciyar Tenere, wadda ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada har wata babbar mota ta kaɗe ta a 1973. Abin da ya riƙe ni shi ne ƙasusuwan wani kada da aka tono a Gadufawa, cikin hamadar Agadas. Tsawonsa wajen mita 11, kansa kaɗai ya kusa kai tsayin mutum. Masana sun ce ya rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin manyan koguna ne. Akwai kuma dorina a kududdufin siminti, yara sun zagaye ta. Na kalle ta, amma na fi son in ga 'yan uwanta inda ba katanga.

Na so mu je Ayoru, kasuwar Lahadi da ake ba da labarinta, inda Buzaye da Fulani da masunta ke haɗuwa a bakin ruwa. Yaya bai bari na rufe baki ba. Ya ce hanyar Tillaberi ba ta yawon buɗe ido ba ce a wannan zamani, shi da ke zaune a ƙasar ma ba ya bin ta sai dole. Iyakar inda ya yarda shi ne Bubon, kilomita 25 daga gari, kuma mu je mu dawo da hantsi.

Laraba ce kasuwar Bubon. Rabin 'yan kasuwar ta ruwa suke zuwa, kwalekwale na sauke buhuna da tumaki da mata da goyo. Garin ya yi suna da tukwane, aikin mata ne, ba injin juyi, hannu ne da ɗan dutsen bugu. Randuna da tuluna jere a ƙasa, an zane su da fari da ja, layi-layi da kusurwa-kusurwa. A nan gargaɗin Yaya ya tabbata. Wata tsohuwa ta ɗago kai ta ga fuskata, ta tafa hannu ta kira maƙwabtanta.

"Ga Bagobiri Allah ya kawo mana! Zo ka ɗaukar mini randar nan zuwa bakin ruwa, ai aikinku ne."

"Inna, ni haraji na zo karɓa," na ce. "Shekara nawa ba ku biya ba?"

Aka kwashe da dariya. Ta ce Bagobiri da haraji, wanda ko wake bai ƙoshi ba. Ta ƙwanƙwasa wani tulu da ɗan yatsa don in ji ƙararsa, ta ce wanda ya gasu haka yake amsawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Na saya, ta rage mini dala ashirin, wai sadaka ce ga bawa. Wannan wasa na tsakanin ƙabilu a Nijar ba ƙaramin abu aka ɗauke shi ba, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Ni dai abin da na gani shi ne cikin minti kaɗan na tashi daga baƙo na zama wanda ake tambaya ko ya ci abinci.

Wani saurayi ya ɗauke mu a kwalekwale muka zagaya bayan tsibirin da ke fuskantar garin. Yana tafe yana ƙwanƙwasa gefen jirgin da filafili, ya ce don su ji zuwanmu ne, dorina ba ta son a yi mata ba-zata. Can ya daina tuƙi ya nuna da haɓa. Da farko duwatsu na gani. Sai ɗaya daga cikin duwatsun ya kaɗa kunne, ya fesar da ruwa ta hanci da wani irin gurnani da na ji har cikin ƙirjina. Suka riƙa nutsewa suna ɓullowa, ba ka sanin inda ta gaba za ta fito. Wata na da ɗa a gefenta, kuma tun da saurayin ya gan shi ya fara ja da mu baya a hankali. Na ce ya ɗan ƙara matsawa in ɗauki hoto, ya yi kamar bai ji Hausa ba. Da rana suna cikin ruwa, da dare suke fita kiwo, kuma ba su san bambancin ciyawar burgu da shinkafar mutum ba. Doka ta hana kashe su, a 2017 ma gwamnati ta keɓe musu wani yanki can wajen Ayoru. Mai kallo daga birni yana murna da wannan doka. Manomin da ya wayi gari ya tarar an tattake masa aikin wata uku, shi kuma nasa lissafin daban ne, kuma ban ga laifinsa ba.

Ana gobe zan koma gida muka shiga ruwa a cikin Yamai kanta, bayan la'asar. A ƙarƙashin gadar muka sami wani dattijo zaune a gindin kwalekwalensa yana cusa tsumma a wata tsaga da bakin wuƙa, ga gwangwanin kwalta a gefe. Basarke ne, Sorko, irin mutanen da kogin nan ke hannunsu tun zamanin daular Songai. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Bagobiri a ruwa? Ka yi wa iyalinka wasiyya?"

"Baba, ai mu ma muna da gulbi."

"Wanda jaki ke tsallakawa bai jiƙa wutsiya ba?"

Cinikin ya fi tafiyar wuya. Ya fara da jikka goma, wai biyar kuɗin tuƙi, biyar kuɗin wanke jirgi bayan Bagobiri ya sauka. Yaya ya shiga tsakani da Zabarmanci aka daidaita. Jirgin na katako ne, an haɗa allunan da ƙusa, ƙasansa ba ya rabo da ruwa, jikansa na zaune a tsakiya da yankakken galan yana kwarfewa. Na tambayi rigar ruwa, babu. Na shiga duk da haka, amma ba zan ba kowa shawarar ya kai yara haka ba. Mu da muke jin labarin kifewar jirage a Kebbi da Neja kusan kowace shekara bai kamata mu riƙa ɗaukar rigar nan abin Turawa ba.

Baba bai shiga tsakiya ba. Gefe-gefe ya bi yana tokara doguwar gora, inda ƙarfin ruwan bai kai ba, muka haura sama. Daga nan ne garin ya sake mini kama. A kan titi Yamai ƙura ce da hon da katangu. Daga cikin ruwa kuwa wani gari ne a kan tudu, kore shar da mangwaro da dogon yaro, ga Otal Gaweye da babban ɗakin taro a gefensa, ga Grand Otal can baya a bisa gaɓa. Da muka zo daidai wajen fadar shugaban ƙasa Baba ya ce in mayar da waya aljihu, ban yi musu ba. Balbela fari fat a kan wani busasshen reshe, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, garken kirinjijiya ya tashi da fito a kanmu. Wasu yara sun shigo da shanu shan ruwa sun mayar da abin wasan iyo, suna kama wutsiyar sa yana jansu. Jikan Baba ya ce in shiga in gwada. Na tuna tsargiya, na ce masa wani jiƙon.

Na tambayi Baba labarin farautar dorina da mashin da ake kira zago, da uwar ruwan da suke kira Harakoy Dikko, wadda ake cewa Sarkawa na da kirarin da suke yi mata kafin su shiga wuri mai zurfi. Ya yi shiru yana tuƙi. Can ya ce kakansa ya yi, ubansa ya gani, shi kuwa salla yake yi. Amma da muka zo wani gurbi inda ruwan ke juyawa, na ga leɓɓansa na motsi, ya kauce wa wurin da nisa. Ban sake tambaya ba. Mu ma a Argungu ba a faɗa wa ruwa ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ba kowa yake gaya wa abin da ya karanta ba.

Ya ajiye mu a wani tsibiri inda masunta suka kafa bukkokin zana. Tun daga sallama na san na zo gida.

"Maraba da baƙi! Daga ina kuka hito? Kai wanga ai namu na."

Bakabe ne, daga ƙasar Argungu. Ya ce tun yana saurayi ya biyo ubansa, suka gangara gulbin Kabi har inda ya faɗa Kwara, suka juyo sama ta Gaya da Sayi suna bin kifi, har suka tsaya nan. Ruwan da ke wucewa ta bayan garinmu ma, in ji shi, can ƙasa da Gaya yake haɗuwa da wannan, don haka kada in bari Zabarmawa su yi mini gori. Ɗansa na tsaye a gaban wani ɗan ƙaramin jirgi da birgi a kafaɗa. Ya tattara ragar a hannun hagu, ya kama gefe ɗaya da haƙori, ya murɗa ƙugu ya saki. Ta buɗe a sama ta zama da'ira, dalmar da ke bakinta ta fara taɓa ruwa, ta nutse. Ya jira kaɗan, ya jawo igiyar a hankali. Karfasa uku da ƙurungu ɗaya, duk ba wanda ya wuce tafin hannu.

Uban ya karɓi ƙurungun ya karya masa ƙayoyi kafin ya jefa cikin kwando. Ya ce da can giwan ruwa sai mutum biyu sun kama suke fitar da ita daga jirgi, yauni da ramboshi kuwa ba a lissafa su. Yanzu mutane sun yi yawa, raga ta yi ƙananan ido, har da gidan sauro wasu ke tace ruwa, ba a bar wa gobe komai ba. Amma babban abin da ke damunsa yashi ne. An sare itatuwan tudu an kai birni an yi girki, ƙasa ta zama tsirara, kowace damina ƙoramu na kwaso yashi su zuba cikin kogin. Gurabun da kifi ke ɓuya da rani sun cike. Ya nuna mana wani wuri da ya ce a da gora ba ta taɓa ƙasa, yanzu in an shiga bazara yara ke buga ƙwallo a kai. Baba ya karɓe da labarin 1985, shekarar da kogin ya tsaya cak a Yamai bayan farin da aka sha, har daga baya aka yi wani ɗan datsi a Gudel don a riƙe wa garin ruwan sha. Matar gidan na gefe tana banda a kan rabin ganga da aka ɗora wa waya, hayaƙi na shiga mata ido tana juya tarwaɗar da aka lanƙwasa aka soke da tsinke. Ta gasa mana karfasa a garwashi, ta barbaɗa gishiri da yaji, muka ci da hannu a tsaye. Na miƙa kuɗi, mijin ya ce in mayar, ba a saida wa ɗan gida kifi a bakin ruwa.

Komowa ba wuya, ruwa ne ya ɗauke mu, Baba sai dai ya gyara kan jirgi da filafili. Rana ta yi ja cikin hazo ta bayan Harobanda, can wajen tuddan yashin da iyalai ke zuwa shan iska ran Lahadi. Gaɓar gari ta cika. Samari na gudu a titin bakin ruwa, wasu sun kafa fada sun ɗora shayi a kan mangal, mai tsire na fifita wuta, masu kuɗi sun jeru a barandar otal suna kallon faɗuwar rana daga sama. Jemagu suka fara fitowa daga itatuwan cikin gari, dubbai, suna tsallaka kogin a kanmu. A ganina na baranda sun biya da tsada sun ga rabin abin. Duk da ƙorafina a kan Gunti Yena, mutanen Yamai sun san fita su zauna su fuskanci ruwansu, abin da ban cika gani ba a garuruwanmu na bakin kogi, inda gaɓa ta fi zama wurin zubar da shara.

Fitilu suka fara kamawa a kan gadar. Yaya ya ce wannan ma ruwan nan ne: ya wuce Yamai, ya shiga Nijeriya, ya juya injinan Kainji, ya dawo ta wayar Birnin Kebbi a matsayin lantarki, kuma tun shekarun 1970 ake haka. Shi ya sa maganar madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008 wajen kilomita 180 sama da nan kuma har yanzu ba a gama ba, ta shafi mutumin Yawuri kamar yadda ta shafi na Tillaberi. Hukumar ƙasashe 9 da ke raba kogin ma a Yamai hedikwatarta take. Baba ya ce shi tun gashinsa na baƙi yake jin Kandaji a rediyo, in an gama a aiko masa.

Da jirgin ya taɓa gaɓa na biya shi, na ƙara wa yaron wani abu. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa a gabana, wai kuɗin Bagobiri sai an duba. Na ce masa in Allah ya yarda zan dawo in kawo iyali, amma sai ya nemi rigunan ruwa.

"Ka dawo watan biyar," in ji shi, yana ɗaure jirgin. "Lokacin ba ka bukatar riga, ba ka bukatata. Ka naɗe wando ka bi bayan shanu, su za su tsallakar da kai kyauta."